Ta Baya Ya Fi Saninta

Babana ya shekara arba'in da biyu yana zana kawuna. Duk shagon askin da ke unguwarmu da na kewaye, in ka ga allo a ƙofa da kawunan maza shida a jere, kowanne ya juya gefe yana nuna askinsa, to hannunsa ne. Yana rubuta allunan shaguna, yana yi wa manyan motoci furanni a baya, amma kawunan nan su suka yi masa suna, har mutane suka bar sunansa na yanka suka koma kiransa Mai Kawuna. Ko a jikinsa, amsawa yake yi da fara'a.

A duk shekarun nan bai taɓa zana Inna ba, ita kuwa ba ta taɓa barinsa ya manta ba. In baƙo ya yabi aikinsa sai ta ce ai gwani ne, ya zana ƙeyar kowane ƙato a garin nan, matarsa ce kawai layi bai zo kanta ba. Maganar tana da tushe. Farkon aurensu a wani ɗaki ɗaya suka zauna kusa da kogi, inda ake shiga jirgin ruwa a haye, kuma a can ya yi mata alkawarin zai zana wurin da ita a ciki. Rabin alkawarin ya cika tun kafin a haife ni. Ya samu faffaɗan katako ya zana kogin, da itatuwa, da hanyar yashi mai gangarawa zuwa mashaya, da jirgin a ɗaure. Mutum ne babu ko ɗaya. Ya jingine shi a bayan kabad ya ce sai ya samu sarari, Inna kuwa ta sa masa suna garin da kowa ya yi ƙaura.

Ni ce autarsu, ni kaɗai na rage kusa da gida, don haka duk wani rikicinsu a kaina yake ƙarewa. Zane kam albasa ba ta yi halin ruwa ba, ko kaza na zana sai na rubuta sunanta a ƙasa. Amma na san su biyun nan kamar yunwar cikina. In za a fita, Inna tana gaba kamar an aike ta, Baba yana can baya ya tsaya a gaban allon wani yana tsaki, wai dubi yadda aka matse harafin ƙarshe. Ta juyo ta jira shi, ya iso, ta sake barinsa. A haka na taso na gan su.

Ni na kai Inna wurin likitan ido. Mun je da tunanin yanar ido ce za a kankare a huta, sai ya ce ba ita ba ce, jijiyar idon ce ke mutuwa a hankali. Ya ba da maganin ɗigawa, ya ce zai rage wa ciwon gudu amma ba zai tsayar da shi ba, wataƙila nan da shekara guda haske da duhu kawai za ta riƙa bambancewa. Muka fito. Inna kuwa muna shiga mota ta tambaye ni ko na kwashe shanyar da ta bari a igiya.

Da muka koma gida na faɗa wa Baba. Ya tashi ya shiga ɗaki, muka ji ana jan kabad, sai ga shi ya fito da katakon nan, yanar gizo har a gemunsa. Ya wanke shi da tsumma, ya jingina a bangon tsakar gida inda yake aiki, ya jera gwangwanayen fentinsa. Babu wanda ya tambaye shi dalili. Duk mun san abin da yake so: ta ga kanta a wurin nan kafin idon ya rufe.

Kwana uku ya yi a kan zanen farko. Da ya kira mu, na tsaya na rasa inda zan sa fuskata. Ga Inna a tsakiyar hanyar yashi, kanta ya kai girman jirgin, ta juya gefe sak kamar mai jiran almakashi. Kunnen ya fita tsaf, girar ido ɗai-ɗai, har da ɗan hasken nan da yake sa wa a goshin mutanen allo. Inna ta matso har hancinta ya kusa taɓa fentin, ta daɗe tana dubawa, sannan ta tambaye shi wannan askin lamba nawa ne, don ita dai ba ta tuna ta taɓa nemansa ba.

Ya yi dariya tare da mu, amma da yamma ya kankare. Na biyu ya rage girman, sai dai ya ƙi rage komai a cikinta: yatsu goma cif, haƙora a jere, furannin zaninta kowanne da ganyensa. Ta fito kamar hoton da aka yanko a kwalin sabulu aka manna da gam, ƙafafunta ba su taka yashin ba. Na uku ma bai nuna mana ba, ƙarar kankara kawai muka ji. Na fara jin haushinsa, in faɗi gaskiya. Mutum ya samu shekara talatin da wani abu bai yi ba, sai yanzu da kwanaki ke ƙirge. Amma in na gan shi zaune a kan ɗan bencinsa ya zuba wa katakon ido, burushi na bushewa a hannunsa, sai tausayi ya kashe haushin.

Ina aiki a wani kantin magani da ke kallon ɗakin karatu na gari. A saman benen ɗakin karatun akwai wani ɗaki da aka rataye tsofaffin zane-zane, wanda na taɓa shiga sau ɗaya don ruwa ya tare ni. Na tuna akwai wani babba a bangon ƙarshe, aikin wani tsohon gwani da ya mutu tun kafin a haifi kakana, shi ma kogi ne da mutane suna jiran jirgi. Na ba Baba labari. Ya ce shi da ya tsufa da burushi a hannu ba zai koma aji ɗaya ba, kuma me mataccen mutum zai koya masa. Washegari da safe na same shi a ƙofar kantinmu cikin rigarsa ta zuwa suna, da tef ɗin awo a aljihu da gilashin ƙara girma.

Akwai wata mata mai kula da ɗakin, doguwa, ba ta dariya, kalma uku ce aikinta, don haka Baba ya sa mata suna Kar-a-taɓa tun a ranar farko. Muna shiga ya wuce kai tsaye har gaban zanen ya kafa gilashinsa a kan wata mace mai jan zani. Ya duba, ya goge gilashin da bakin riga, ya sake dubawa. Sai ya juyo ransa a ɓace ya ce min an cuci mutane. Matar ba ta da fuska. Babu ido, babu hanci, kan gaba ɗaya ɗigon fenti ne guda, jikin kuma shafa huɗu ko biyar. Ya bi mutanen ɗaya bayan ɗaya, su goma sha ɗaya, duk haka suke. Ya ce wannan ragwanci ne aka saka a katako mai ruwan zinariya, da shi ne ya kai wa mai aski irin wannan da tsintsiya za a rako shi. Ya zaro awo zai ɗora, Kar-a-taɓa ta faɗi kalmominta uku.

Na ɗauka shi ke nan. Ashe abin ya tsaya masa a rai, domin da muka kai ƙofa ya waiwaya, sai ya ga mutanen nan goma sha ɗaya sun koma mutane. Ya tsaya riƙe da ƙyauren har na ce masa zan makara.

Mako biyu ya yi yana zuwa kullum da ɗan littafi da fensir. Da aka hana shi awo sai ya koma miƙa hannu ya rufe ido ɗaya yana aunawa da babban yatsa. Da rana yakan tsallako kantinmu ya ba ni rahoto ko ban tambaya ba. Wai ya gano kawunan mutanen duk kusan a layi ɗaya suke, na nesa da na kusa, ƙafafu ne ke hawa da sauka. Wai ɗan duhun da ke ƙarƙashin ƙafa shi ke ɗaure mutum da ƙasa, in babu shi sai ya yi yawo a iska. Wai gwanin ya ɗebi launin yashi ya shafa a rigunansu, ya ɗebi na ruwa ya sa a inuwarsu, shi ya sa suka zama 'yan wurin. Yanzu ya daina cewa ragon nan, ya koma cewa Malam. Har Kar-a-taɓa ta fara ajiye masa kujera, ko da yake ba ta fasa hararar yatsansa ba.

Ya koma gida ya gwada a kan kwalaye. Shafa biyar, ɗigo ɗaya, duhu a ƙarƙashi, komai bisa ƙa'ida. Mutanen da ya zana sun tsaya a ƙasa kam, amma kamar ƙusoshin da aka kafa a jere. Ya cika kwali goma sha wani abu da su. Ya ce min ya ƙirga komai, ya auna komai, akwai abin da Malam ya sa wanda ba ya ƙirguwa. A makon nan ne kuma Inna ta zuba gishiri a shayi, ta yi dariya ta ce gwangwanayen ne suka yi kama. Ni ban yi dariya ba, Baba ma bai yi ba.

Ranar Asabar ta ce a kai ta ta ga abin da ke hana mijinta cin abincin rana. Muka tafi mu uku. A hanya tana gaba kamar kullum, sai dai na lura ta rage sauri, kuma a matakalar bene ta lalubi ƙarfen ta riƙe, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Da muka shiga ta ce gwiwarta, ta zauna a dogon bencin da ke can baya kusa da ƙofa. Baba ya wuce gaba ya fara yi mata bayani da ƙarfi game da layin kawuna da duhun ƙarƙashin ƙafa.

Ba ta saurare shi ba. Ta ɗan karkata kai ta ce mai jan zanin nan fushi take yi da mutumin da ke kusa da ita, kuma shi ne ba shi da gaskiya. Ta ce waccan ta gefen itacen, goyon da ke bayanta ya yi mata nauyi, tun safe take tsaye. Ta ce tsohon da ke bakin ruwa jirgi ya taɓa tafiya ya bar shi, shi ya sa ya matsa gaba haka tun ba a kira ba. Baba ya juyo da fensir a hannu ya tambaye ta ina ta ga duk wannan, alhali ko fuska ba su da ita.

"Fuska?" in ji Inna. "Ai ni na fi wata huɗu ban ga fuskar kowa ba. Auta da jefa ƙafar hagu nake gane ta. Kai kuma wuyanka ke riga ka shigowa ɗaki."

Ta faɗe shi kamar mai ba da labarin farashin albasa. Ni kuwa sai na ji kamar an zare min wani abu a ƙirji, domin kullum ina ɗiga mata magani, ina kallon cikin idonta, ban san ta daina ganin nawa ba. Na ji kunya, na ji tsoro, na rasa wanda ya fi. Baba ya soke fensirin a bayan kunne. Sannan ya zura gilashin ƙara girman a aljihu, ya cire tabaraunsa ya naɗe, ya zo ya zauna kusa da ita a bencin. Su biyu suka zuba wa bangon ƙarshe ido. Can ya ce, a hankali, lalle mutumin nan ba shi da gaskiya, dubi yadda ya sunkuyar da kafaɗa. Kar-a-taɓa ta zo wucewa, ta dube su, ta koma kujerarta, ko da yake lokacin rufewa ya yi.

Daga ranar bai sake komawa ɗakin ba, bai kuma taɓa burushi ba har kwana takwas. Sabon aiki ya samu: bin Inna da kallo, ba tabarau. Tana shanya yana bakin ƙofa ya ƙanƙance ido. Tana tafiya shagon kan kwana yana biye da ita daga nesa. Ya yi karo da bokiti sau biyu, ya gai da injin ɗinkin maƙwabciyarmu da aka lulluɓe da zani, har ya tambaye shi ya jiki. Inna ta kira ni ta kai ƙara, ta ce in zo in ɗauke mata ubana, makaho ɗaya ya ishi gida. Amma na lura in ta san yana kallo sai ta gyara ɗaurin kallabi, shi kuma ya ce ta bari, ba wannan yake nema ba.

A rana ta tara da safe ya sa tabarau, ya juya katakon yadda babu mai gani, ya ce kada a yi masa magana. Na shirya jiran kwana uku. Kafin ruwan shayi ya huce ya ce ya gama.

Ya bari sai da hantsi ya yi, haske ya cika tsakar gida. Ya ɗauki katakon ya jingina a bangon can nesa, ya kawo wa Inna kujera a bakin ɗaki, wai daga nan ake kallo, haka Malam ya koya masa. Na tsaya a bayanta. Kogin nan ne dai da na sani tun ina yarinya, da itatuwan, da jirgin. Amma a kan hanyar yashi, ta kusa kai mashaya, ga wata 'yar mace da ba ta fi tsawon yatsana ba. Ta ba mu baya. Ta ɗan rusuna gaba kamar iska ce ke tura ta, kafaɗar dama ta sauka, a hannun nan kuma ɗigo biyu ne masu duhu suna reto. Ban san lokacin da na kama bayan kujerar ba, domin uwata ce.

Inna ta ƙura wa katakon ido. Ta karkata kai dama, ta karkata hagu. Na ga da ɓangaren idon da ya rage take neman 'yar macen, tana wuce ta. Ta ce tana ganin ruwan. Ta ce tana ganin itatuwan, amma garin har yanzu kamar ba kowa. A raina na ce mun makara, kuma na tsani shekarun nan talatin da kabad ya cinye.

Baba ya je ya ɗago katakon ya matso da shi taku uku. Ba ta gani ba. Ya ƙara biyu, ya tsaya riƙe da shi a ƙirji, kansa kawai ke leƙowa ta sama, kamar ɗaya daga cikin mutanen allonsa. Inna ta miƙa wuya. Sai na ga hannunta ya tashi daga cinya ya tsaya a iska.

"Takalman nan ne," ta ce. "Masu ruwan ƙasa, waɗanda ka saya min."

Ya ce su ne. Ya ce kullum in za su gangara wurin jirgi sai ta cire su ta riƙe a hannu, ta ce tana son jin yashi a ƙafarta.

Ta ce wane yashi, yashin da ke ƙona ƙafa. Matse ta suke yi, sun yi mata kaɗan tun ranar farko, ta ƙi faɗa ne don ta ga yadda ya shigo da su yana washe baki. Baba ya ce ya sani, ai ya ga ƙafar tana kumbura, kunya ce ta hana shi magana, ya yi ta jira ta faɗa. Shekara arba'in da huɗu kowannensu yana rufa wa ɗan'uwansa asiri a kan takalmi ƙafa ɗaya. Na yi dariya har na zauna a ƙasa, su ma suka yi, Inna tana share ido da bakin kallabi tana cewa maganin ne.

Da dariyar ta lafa ta sa ya jingina katakon a gwiwarta. Ta daɗe tana kallon 'yar macen, ta kai yatsa kusa amma ba ta taɓa ba, don fentin bai bushe ba.

"Duk jiran nan," ta ce, "ashe ta baya za ka zana ni."

"Ta baya na fi saninki," in ji Baba. "Kullum kina gaba."

Ta tambaye shi shi yana ina a cikin zanen. Ya ce ai shi ne mai kallo, yana nan baya inda ta saba barinsa, wataƙila ya tsaya duba allon wani. Inna ta girgiza kai.

"A'a. Koma ka jiƙa burushinka. Ka sa wani tsoho mai dogon wuya kusa da ita, ta gefen hannun da ba ya riƙe da komai. Hannun nan ya kusa fara neman abin kamawa, kuma ba na son in juyo in tarar kana karanta allo."

Baba ya ce to. Ya karɓi katakon ya mayar jikin bango, ya durƙusa wurin gwangwanayensa ya ba mu baya. Ya ɗauki burushi ɗaya ya tsoma a kananzir yana wankewa, ya matse, ya sake wankewa, burushin da tun ɗazu ya fita tas. Kafaɗunsa suna ɗan motsi, wuyan nan ya sunkuya.

Inna ta lalubo hannuna ta ce in bar shi tukuna, kada in je. Fuskarsa ba mu gani ba, daga ni har ita, kuma babu wadda ta buƙaci gani a cikinmu.